Tafiyar Mitch Marner daga Toronto: inda lissafin magoya baya ya dace da inda ya kauce

A daren 18 ga Mayu, 2025, ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta Toronto Maple Leafs ta sha kashi a gidanta da ci 6 da 1 a hannun Florida Panthers, a wasa na bakwai kuma na raba gardama a zagaye na biyu na neman Kofin Stanley. Tun kafin a tashi wasu 'yan kallo suka fara tuɓe rigunan ƙungiyar da suka saya da tsada suna jefawa kan ƙanƙarar filin, wasu kuma suna yi wa 'yan wasansu ihu. Kafin gari ya waye maganar wasan ta koma gefe, magoya baya sun shiga abin da suka saba shiga duk shekara idan kaka ta ƙare, wato hasashen wanda za a sallama, da wanda za a riƙe, da wanda za a kawo, da kuɗin da kowane zai ci. A wannan karon duk hasashen ya taru ne a kan mutum ɗaya, Mitch Marner, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a ƙarshen watan Yuni.

Ga wanda bai saba da wannan wasa ba, babbar gasarsa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, bakwai daga cikinsu a Kanada, sauran a Amurka. A kakar 2024 zuwa 2025 kowace ƙungiya ta buga wasanni 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, daga nan 16 suka wuce zuwa zagayen fitar da gwani, inda a kowane zagaye ƙungiyoyi biyu ke karawa har sai ɗaya ta ci wasanni huɗu. Toronto na cikin ƙungiyoyin da suka fi daɗewa, suka fi arziki, suka kuma fi yawan masoya a gasar, amma rabonta da kofin tun 1967. Daga 2017 zuwa 2025 ba ta taɓa rasa shiga zagayen fitar da gwani ba, sai dai a cikin waɗannan shekaru tara sau biyu kawai ta tsallake zagayen farko: a 2023 da ta fitar da Tampa Bay, da 2025 da ta fitar da Ottawa. Boston ta kore ta a wasa na bakwai a 2018 da 2019 da 2024, Montreal ta kore ta a 2021 bayan Toronto ta yi gaba da wasa uku da ɗaya, Tampa Bay ma ta kore ta a wasa na bakwai a 2022. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin zafin da hasashen magoya bayanta ke ɗauka ba.

Mai bin kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa ta Turai ya saba da cewa ƙungiya mai kuɗi tana ajiye miliyoyi ta ɗauke ɗan wasan da take so. A NHL wannan hanya a rufe take. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Ana musayarsa ne da wani ɗan wasan, ko da haƙƙin zaɓen matashi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk ƙarshen Yuni, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi har zagaye bakwai. Sannan akwai dokar da ta fi kowace nauyi, wato iyakar albashi. An kafa ta ne a 2005, bayan taƙaddama tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta cinye kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta ba a buga ko wasa ɗaya ba. Iyakar ta fara da dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya, ta kai miliyan 88 a kakar 2024 zuwa 2025, kuma ba a yarda kowa ya haura ta ba, komai arzikin mai ƙungiya. Abin da ake lissafa wa ɗan wasa shi ne matsakaicin kwantiraginsa: a raba jimillar kuɗin da yawan shekarun, abin da ya fito shi ne gurbin da yake ci kowace kaka. Saboda haka arzikin Toronto yana iya gina mata wurin atisaye na gani na faɗa, ya ɗaukar mata likitoci da masu nazari, amma ba zai ƙara mata ko dala ɗaya a kan abin da ƙungiyar ƙaramin gari za ta iya kashewa kan 'yan wasa ba.

Wannan doka ce ta mayar da hasashen magoya baya aikin lissafi, kuma lissafin Toronto kowa ya haddace shi. A kakar 2024 zuwa 2025 Auston Matthews yana cin miliyan 13.25, William Nylander miliyan 11.5, John Tavares miliyan 11, Marner kuma kusan miliyan 10.9. Mutum huɗu ke nan, dukansu 'yan gaba, sun kwashe fiye da miliyan 46 daga cikin 88, wato sama da rabi, aka bar ragowar ga 'yan baya da masu tsaron raga da sauran 'yan gaba, a tawagar da kan kai mutum 23. Adalci ya sa a faɗi cewa lokacin da aka ƙulla kwantiragin Tavares a 2018 da na Marner a 2019, shugabannin ƙungiyar sun ɗauka iyakar za ta ci gaba da hawa duk shekara, ta yadda waɗannan manyan kuɗaɗe za su yi sauƙi da tafiyar lokaci. Sai annobar korona ta zo, filaye suka zama babu 'yan kallo, kuɗin shiga ya faɗi, iyakar ta tsaya cak a miliyan 81.5 har kaka uku, sannan ta riƙa ƙaruwa da miliyan ɗai-ɗai na kaka biyu. Ƙungiyar da ta tara ƙarfinta a sama ita wannan tsayuwa ta fi matsewa.

Magoya bayan ba da ka suke wannan lissafi ba. Shekaru da yawa akwai wani shafin intanet mai suna CapFriendly da ke ɗauke da kwantiragin kowane ɗan wasa dalla-dalla, har da wani sashe da mutum zai zauna ya shirya tawagarsa kamar shi ne janar manaja, ya cire wannan ya saka wancan, kwamfuta tana nuna masa ko ya haura iyaka. Amfanin shafin ya kai har ƙungiyar Washington Capitals ta saye shi a 2024 ta rufe shi ga jama'a, mutane suka koma PuckPedia. A gefe guda kuma akwai 'yan jarida masu kunne a ofisoshin ƙungiyoyi da na wakilan 'yan wasa, irin su Elliotte Friedman na Sportsnet, da Pierre LeBrun da Darren Dreger na TSN, waɗanda jimla ɗaya daga bakinsu kan ciyar da muhawarar mako guda. Ranar 1 ga Yuli, da ƙarfe goma sha biyu na rana agogon Toronto, ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, kuma gidajen talabijin na wasanni a Kanada kan kwashe yinin suna kawo labarinta kai tsaye. Ra'ayina shi ne bai kamata a raina wannan hasashe ba, domin da yawa daga cikin masu yinsa sun san dokokin albashi sani na haƙiƙa. Inda suke yawan kaucewa shi ne abubuwan da ba sa fitowa a jadawalin lambobi, kuma batun Marner ya tattara su kusan duka.

Kafin a shiga wannan, yana da kyau a san wane ne mutumin. An haife shi a Markham, a gefen Toronto, ya tashi yana goyon bayan ƙungiyar, ta kuma zaɓe shi a matsayi na huɗu a zaɓen 2015. A kakarsa ta ƙarshe da ita ya tara maki 102, ya ci 27 da kansa ya kuma bayar aka ci 75, lambar da 'yan wasa ƙalilan ne ke kai wa a gasar, ga shi kuma ana dogara da shi wajen tsaro idan an kori abokin wasansa na ɗan lokaci. Ƙorafin da ake yi a kansa shi ne idan an shiga wasannin raba gardama, inda fili ke ƙunci kuma ake yawan bangaza, haskensa kan dusashe. Wannan ya raba magoya baya gida uku: masu cewa a biya shi ko nawa ne domin irinsa ba ya samuwa, masu cewa a musanya shi da ƙaƙƙarfan ɗan baya ko ɗan gaba mai jure gumurzu, da masu cewa a bar shi ya tafi a yi amfani da kuɗinsa a ɗauko mutum biyu ko uku.

Rukuni na biyu ne ya fi cika intanet da shawarwari, kuma shi ne ya fi nisa da abin da zai yiwu, saboda wani sharaɗi guda da ke cikin kwantiragin Marner. Manyan 'yan wasa kan nemi a rubuta musu cewa ba za a musanya su ko a tura su ko'ina ba sai da amincewarsu, kuma sharaɗin Marner ya fara aiki ne ranar 1 ga Yuli, 2023. Daga wannan rana duk wata musaya da mai goyon baya zai zana, komai kyanta a takarda, ba ta da ƙafar tsayuwa idan shi mai kwantiragin bai sa hannu ba. Abin da wannan ke nufi shi ne damar da Toronto ke da ita ta samun cikakken farashinsa ta rufe shekara biyu kafin hayaniyar 2025, kuma ta rufe ne a daidai lokacin da gidan ke cikin ruɗani. An raba gari da janar manaja Kyle Dubas ranar 19 ga Mayu, 2023, shugaban ƙungiyar na lokacin, Brendan Shanahan, ya kawo Brad Treliving a ƙarshen wannan watan, wata ɗaya tak kafin sharaɗin ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sabon manajan da bai gama sanin gidan ba da wuya ya musanya ɗan gari mafi hazaƙa a cikin kwana talatin. Aka bar tawagar yadda take, aka ɗora wa koci Sheldon Keefe alhakin faɗuwar 2024, aka kawo Craig Berube a madadinsa.

Abin lura a nan shi ne Treliving ya san ciwon wannan yanayi fiye da kowa. A 2022, yana manajan Calgary Flames, Johnny Gaudreau ya gama kwantiraginsa ya tafi Columbus ba tare da Calgary ta samu komai ba. A cikin watan Yulin wannan shekara kuma Matthew Tkachuk ya sanar cewa ba zai tsawaita zamansa ba, sai Treliving ya yi sauri ya musanya shi zuwa Florida tun yana da daraja a hannu, ya karɓo Jonathan Huberdeau da MacKenzie Weegar da wani matashi da haƙƙin zaɓe na zagayen farko. Tkachuk ɗin nan yana cikin waɗanda suka fitar da Toronto a 2023 da 2025, kuma ya ɗaga kofin sau biyu a jere da Florida.

Dama ta ƙarshe ta gifta a watan Maris na 2025. Mikko Rantanen, ɗan Finland, wanda Colorado ta tura Carolina a watan Janairu, bai nuna niyyar zama a can ba, kuma manyan 'yan jaridar gasar sun ruwaito cewa an taɓo maganar musayarsa da Marner, Toronto ta tuntuɓi ɗan wasanta, shi kuma ya zaɓi ya ƙarasa kaka a gida. Rantanen ya ƙare a Dallas da kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 96, lambar da daga ranar ta zama ma'aunin abin da Marner zai nema. Wasu magoya baya sun ɗauki ƙin amincewar a matsayin cin amana, ni kuwa ban ga haka ba. Sharaɗin da aka rubuta masa haƙƙinsa ne, ƙungiya ce ta ba shi da hannunta, kuma a lokacin iyalinsa na dab da samun ƙaruwa. A wannan makon ne kuma Toronto ta bayar da haƙƙin zaɓenta na zagayen farko na 2026 ga Boston domin Brandon Carlo, da na 2027 ga Philadelphia domin Scott Laughton, alhali na 2025 tuni yana hannun Chicago. Wannan ya rage mata abin da za ta iya miƙawa a kowace musaya ta gaba, abin da masu zana shawarwari a watan Yuni suka riƙa mantawa.

Da kaka ta ƙare, makami ɗaya ne ya rage wa Toronto. Ɗan wasan da ya kai shekara 27, ko ya cika kaka bakwai a gasar, idan kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama. Amma dokar lokacin ta ce ƙungiyarsa ce kaɗai za ta iya ba shi kwantiragin shekara takwas, sauran ba za su wuce bakwai ba. Ga mai karɓar miliyan 12 a shekara, wannan shekara guda ba ƙaramin abu ba ce, kuma ga ƙungiyar da ke son sa, tsawon kwantiragi yana ba ta damar rage matsakaicin da za a lissafa mata. Shi ya sa aka bi hanyar da aka bi da Tkachuk: Marner ya sa hannu da Toronto kan shekara takwas da dala miliyan 96, nan take aka tura shi Vegas Golden Knights, Toronto ta karɓi Nicolas Roy, ɗan tsakiya mai cin miliyan 3 a kaka, wanda aikinsa ya fi karkata ga tsaro. Vegas ta samu gurbin ɗaukarsa ne bayan ta tura Nicolas Hague zuwa Nashville, kuma babban ɗan bayanta Alex Pietrangelo ya dakata da wasa saboda ciwon ƙugu, abin da doka ta yarda a samu sassauci a kan albashinsa. Wanda ya kwatanta maki 102 da Roy zai ce an yi wa Toronto wayo, amma gaskiyar lamarin ita ce abin da ta sayar shi ne shekara ta takwas kawai, domin shi ɗan wasan ya riga ya kuɓuce mata. Da babu gara ba daɗi.

Rukuni na uku, masu cewa a bar shi ya tafi a raba kuɗinsa, su ma sun gamu da nasu cikas. Treliving ya faɗa a taron manema labarai bayan kaka cewa akwai wani abu a jinin ƙungiyar da dole ya canza, magoya baya kuma suka fassara maganar da sunaye biyu daga ƙungiyar da ta doke su. Na farko Sam Bennett, ɗan lardin Ontario, wanda aka zaɓa gwarzon zagayen fitar da gwani na 2025. Na biyu Brad Marchand, tsohon kyaftin ɗin Boston da ya daɗe yana gasa wa Toronto aya a hannu. Dukansu kwantiraginsu na ƙarewa, kuma lissafin takarda ya nuna da wuya Florida ta iya riƙe su tare da ɗan bayanta Aaron Ekblad. Sai ga shi kafin 1 ga Yuli ta riƙe su duka ukun: Bennett shekara takwas kan miliyan 8 a kaka, Ekblad shekara takwas kan miliyan 6.1, Marchand kuma, yana da shekara 37, aka ba shi shekara shida kan miliyan 5.25, tsawon da aka yi domin a shimfiɗa kuɗin ya yi sauƙi a kowace kaka.

Dalilai biyu ne suka haɗu a nan. Na farko, a watan Janairun 2025 hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa sun sanar cewa iyakar za ta hau zuwa miliyan 95.5, sannan 104, sannan 113.5 a kakar 2027 zuwa 2028. Magoya bayan Toronto sun yi murna da ƙarin, sun manta cewa ƙungiyoyi 32 ne suka same shi a lokaci guda. Da kowa ya samu sarari sai kowa ya riƙe nasa, kasuwar 1 ga Yuli ta buɗe da ƙarancin manyan sunaye, kuma mai kuɗi a hannu ya rasa abin saye. Na biyu shi ne haraji. Jihohin Florida da Nevada da Texas ba sa karɓar harajin albashi na jiha, yayin da mai babban albashi a Ontario ke biyan fiye da rabin abin da ya haura wani mataki. Daga 2020 zuwa 2025 ƙungiyoyin irin waɗannan jihohi sun ɗauki kofin sau biyar cikin shida, Tampa Bay sau biyu, Vegas sau ɗaya, Florida sau biyu, yayin da rabon wata ƙungiyar Kanada da shi tun Montreal a 1993. Masoya a Kanada sun riƙe wannan hujja gam, kuma tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ana zuzuta ta fiye da kima, domin Florida ta kwashe shekaru masu yawa tana can ƙasa da wannan harajin dai, babu mai rububin zuwa. Ɗan wasa yana sassauta farashinsa ne idan ya ga kofi a gabansa, haraji kuma ya zama ƙarin armashi.

Ko da kasuwar ta cika, tarihin Toronto kansa yana gargaɗi game da 1 ga Yuli da kwanakin da ke biye da ita. A 2013 an yi ta kiran a kawo David Clarkson, ɗan garin, mai ƙarfi da zuciya, aka ba shi shekara bakwai kan dala miliyan 36.75. Bai cika kaka biyu ba aka rabu da shi zuwa Columbus, aka karɓi kwantiragin Nathan Horton, wanda rauni ya riga ya hana shi wasa, domin kawai a samu sauƙin lissafi. 'Yan wasan da ke isa wannan kasuwa galibi sun kusa shekara talatin, ana biyansu ne kan abin da suka yi a baya, ƙungiyar da ta ɗauke su kuma ta ɗauki shekarun da ƙafa ke fara nauyi.

Akwai wuraren da hasashen ya faɗa daidai, kuma duka wurare ne da son ɗan wasa ya yi daidai da buƙatar ƙungiya. An yi ta cewa Tavares, wanda ya baro New York Islanders a 2018 domin ya buga wa ƙungiyar ƙuruciyarsa, zai rage kuɗi ya zauna, kuma haka aka yi: bayan kakar da ya ci 38, ya sauko daga miliyan 11 zuwa kusan miliyan 4.4 a kaka na shekara huɗu, ƙasa sosai da abin da zai samu a waje. An kuma yi fargabar wata ƙungiya za ta yi wa matashi Matthew Knies, wanda shi ma kwantiraginsa ke ƙarewa, tayin da Toronto ba za ta iya daidaitawa ba, fargabar da ke da tushe, domin a watan Agustan 2024 St. Louis ta yi wa Edmonton haka ta ɗauke mata Philip Broberg da Dylan Holloway a lokaci guda. Toronto ta rufe wannan ƙofa da wuri da kwantiragin shekara shida kan miliyan 7.75 a kaka. Shanahan kuwa, wanda ya tsaya kai da fata kan riƙe manyan huɗun, ba a sabunta masa kwantiragi ba, kwanaki kaɗan bayan faɗuwar.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan lamari shi ne hasashen kansa ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke tura ɗan wasa waje. A Toronto ƙananan maganganu kan zama manyan labarai, kuma kamfanin Rogers, mai gidan talabijin na Sportsnet, shi ne ke riƙe da kaso mafi girma na kamfanin da ya mallaki ƙungiyar, don haka kasuwancin magana a kanta ba ya yankewa ko da rana ɗaya. Marner ya shafe shekaru yana jin ana musayarsa a rediyo da intanet kowace safiya. Bayan ya koma Vegas ya bayyana a wata hira da TSN cewa bayan wasan ƙarshe an wallafa adireshin gidansa a intanet, har sai da aka sa masu gadi, alhali jaririnsa bai cika wata guda ba. Masu aikata irin wannan 'yan tsiraru ne, kuma ba daidai ba ne a shafa wa dubban masoyan da ke lissafinsu cikin mutunci baƙin fenti. Amma sauran 'yan wasa da wakilansu suna gani, kuma duk wanda ke da sharaɗin zaɓen inda za a kai shi yana sa wannan a ma'auni. Jadawalin albashi ba shi da gurbin da ake rubuta kwanciyar hankalin iyali, makarantar yara, ko gajiyar mutum da garin da ya haife shi.

A ƙarshe Toronto ta cike gurbin da mutum uku masu matsakaicin albashi: Roy, da Matias Maccelli daga Utah, da Dakota Joshua daga Vancouver, kowannensu yana cin tsakanin miliyan 3 da 3.5, biyun ƙarshe kuma an same su ne da haƙƙin zaɓe na zagayen tsakiya. Wannan shi ne ainihin shirin da rukuni na uku ya nema, sai dai da sunayen da ba su ne aka yi mafarki ba. Hujjar masu goyon bayan shirin ita ce a zagayen fitar da gwani zurfin tawaga ya fi taurari amfani, kuma Florida ta nuna hakan, domin layinta na uku, wato jeri na uku na 'yan gabanta da ke shiga bi da bi, ya yi wa Toronto ɓarna ƙwarai. Hujjar masu adawa ita ce a wasan hoki mutum shida kaɗai daga kowace ƙungiya ke kan ƙanƙara a lokaci guda har da mai tsaron raga, saboda haka 'yan wasa uku masu matsakaicin ƙarfi ba sa haɗuwa su zama gwani ɗaya a mintin da ake neman ci ido rufe. Na fi karkata ga cewa rabuwar ta zama dole, domin an gwada tsari ɗaya shekara bakwai yana ba da sakamako iri ɗaya, amma an yi ta a makare, kuma jinkirin ne ya jawo aka karɓi ɗan abin da aka karɓa.

Hasashen bai tsaya ba bayan an rufe batun Marner, ya koma ne kan Connor McDavid, kyaftin ɗin Edmonton, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wannan zamani. Shi ma ɗan yankin Toronto ne, ya tashi a Newmarket, ya kuma sha kashi a wasan ƙarshe sau biyu a jere a hannun Florida, a lokacin kuma kwantiraginsa zai ƙare ne a 2026. Watanni uku magoya bayan Toronto suna lissafin yadda za a buɗe masa gurbi, har zuwa farkon Oktoban 2025 da ya tsawaita zamansa a Edmonton da shekara biyu kan miliyan 12.5 a kaka, daidai abin da yake karɓa a da, ƙasa da abin da doka ta yarda a biya mutum ɗaya, wato kashi 20 cikin ɗari na iyakar. Wannan kwantiragi zai ƙare ne a tsakiyar 2028, lokaci ɗaya da na Matthews, kyaftin ɗin Toronto wanda ya ci 69 a kakar 2023 zuwa 2024, kuma shi ma yana riƙe da irin sharaɗin da Marner ya riƙe. A ƙarƙashin sabuwar yarjejeniyar da hukumar gasar da 'yan wasa suka amince da ita a 2025, mai aiki daga kakar 2026 zuwa 2027, ƙungiyar ɗan wasa ba za ta iya ba shi fiye da shekara bakwai ba, sauran kuma shida, kuma Toronto za ta iya fara tattauna tsawaita kwantiragin Matthews ne daga 1 ga Yuli, 2027.